Likitan Fadamar Haɗejiya Da Hanyar Ƙara Masa Ilmi

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san kogi ne ke raba mata shekara. Ruwan da ya sauka a kudancin ƙasar Kano, kogin Kano da na Challawa su ke kwaso shi, su haɗu su zama kogin Haɗejiya, ya gangaro ta Wudil da Ringim, ya iso Auyo da birnin Haɗejiya. Daga nan ƙasa ta kwanta, ruwa ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, sai ya bazu cikin fadamun Kiri Kasamma da Guri har Nguru, abin da ya saura ya gamu da na kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Albarkar wannan ruwa ba ta ƙidayuwa, ga shinkafa, ga alkama da tattasai da rani, ga kifi, ga ciyawar da makiyaya ke kawo shanu dominta tun daga nesa. Amma fa daga watan Agusta zuwa Oktoba akwai ƙauyuka da dama da ba a isa gare su sai da kwalekwale, shekarar da ruwa ya yi yawa kuwa, kamar 2020 da 2022, har manyan hanyoyi ya kan yanke, mutane su bar gidajensu su koma makarantu da tuddai.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, halin kogin ya sake. Da can ya kan cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu kuwa ana sako ruwa kusan duk shekara saboda noman rani, shi ne ya ba ciyawar nan kachalla zarafi ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwanciya inda ba ya kwanciya a da. Manomi yana kukan kachalla domin ta cinye masa gona, ta kuma zama makwancin jan-baki. Likita ma yana da nasa kukan, gama ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro, shi ne kuma gidan ɗan dodon koɗin nan da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Kowane malamin makaranta a yankin nan ya san yaran da ke fitsarin jini a ajinsa, ya kuma san yadda aji ke raguwa idan kaka ta gabato zazzaɓi ya kankama.

To, mu duba abin da ke isowa gaban likita a irin wannan ƙasa. Mace ce ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauyen da ruwa ya kewaye, aka ɗauko ta a kwalekwale, aka sauke ta a amalanke, aka ƙarasa da ita a mota, ta iso da tsakar dare, ba abin da zai cece ta sai a yi mata aiki a ciro ɗan. Wata ta haihu lafiya amma jini ya ɓalle. Wata kuma jijjiga ta kama ta tun cikin bai isa haihuwa ba. Ga yaro zazzaɓi ya shanye masa jini har tafin hannunsa ya yi fari, yana bukatar ƙarin jini a wannan daren. Ga manomi kububuwa ta sare shi wajen yankan shinkafa, ga wani gwaiwa ta murɗe masa, ga waɗanda mota ta kife da su a hanyar kasuwa. In ruwa ya shiga rijiyoyi sai amai da gudawa, in zafi ya tsananta sai sanƙarau. A babban asibitin koyarwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sashensa da ƙwararrensa, da manya a bisa ƙanana waɗanda za a tasa in abu ya gagara. A asibitin karkara kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, kuma Kano tana da nisan kusan kilomita 200 daga Haɗejiya, balle daga Guri ko Birniwa.

Wane ne wannan mutum? Galibi saurayi ne ko budurwa, ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya a babban asibiti, sa'an nan aka turo shi, ko dai don ya yi shekarar hidimar ƙasa wadda aka kafa a 1973, ko don ya biya Gwamnati alkawarin da ya ɗauka sa'ad da ta biya masa kuɗin karatu. Watau mun ɗauki aikin da ya fi kowane faɗi a likitanci mun aza wa wanda ya fi kowa ƙarancin shekaru a cikinsa. Ba mu faɗi wannan don mu rage wa samarin nan daraja ba, da yawansu sun yi abin a yaba, sun koyi fiɗa a hannun tsofaffin ma'aikatan jinya da suka daɗe a ɗakin tiyata. Amma koyo irin wannan sa'a ce, wanda ya dace da tsohon hannu mai haƙuri ya samu, wanda bai dace ba ya koya a jikin majinyata.

Yana da kyau mu tuna yadda aka faro. A zamanin En'e abin da ƙauye ya sani shi ne ɗakin shan magani da malamin asibiti, da duba-gari mai leƙa randuna, da mai lamba a lokacin agana. An buɗe makarantar haɗa magunguna a Zariya a 1930, da makarantar koyon tsabta a Kano a 1932, su suka riƙa fitar da waɗannan ma'aikata. Likita ɗan Arewa na farko, Dokta Barau Dikko na Wusasa, sai da ya je Birmingham ta Ingila kafin ya samu takardarsa. A tsakiyar shekarun 1950 aka buɗe makarantar likita a Kano don a sami mataimakan likita da sauri, ba ta daɗe ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967, daga baya Jami'ar Bayero ta bi sawu, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, yanzu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, da asibitin koyarwa a Dutse, da makarantar koyon aikin lafiya a Jahun, da makarantun jinya, har da ta Haɗejiya. An yi nisa ƙwarai. Sai dai in aka dubi inda ake ƙara wa likita ilmi bayan ya fita makaranta, za a ga duk a manyan garuruwa ne, babu ko ɗaya a bakin fadama.

Nan ne gizo ke saƙa. Gwamnatin Jigawa ta kashe kuɗi mai yawa wajen samar da likitoci, ta tura ɗalibai 60 ƙasar Sin a 2016, ta kuma tura waɗansu waɗansu ƙasashe, da sharaɗin su komo su yi wa jiha aiki. Wannan ya buɗe ƙofar shiga. Amma likitan da ya shiga yana duban gabansa kamar kowane ma'aikaci. In yana so ya zama ƙwararre, dole ya sami gurbi a asibitin da aka amince da shi don horon ƙwararru, ya yi shekara 4 zuwa 6 yana aiki a ƙarƙashin manya, yana cin jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwarorinta na Afirka ta Yamma. Shekarun da ya yi a ƙauye, ko da ya yi fiɗa ɗari uku a cikinsu, ba a lissafa masa su cikin wannan horo. Sa'o'insa da suka zauna birni suna hawa mataki mataki, shi kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Bugu da ƙari, Hukumar Likitoci ta Nijeriya ba ta sabunta wa likita lasin kowace shekara sai ya nuna shaidar ya ƙara karatu, tarurrukan da ake samun wannan shaida kuwa yawancinsu a birane a ke yin su. In ya tafi, wa zai tsare asibiti? In bai tafi ba, ina shaida? Saboda haka ran da wa'adin alkawarinsa ya cika sai ya ɗaure kayansa, wani ya nufi Kano ko Zariya, wani ma Saudiyya ko Ingila, a sake turo sabo a faro daga bihim. Mutane su kan ce kwaɗayin kuɗi ne. Kuɗi yana ciki, ba mu musa ba, amma mu da muka daɗe muna tura ma'aikata ƙauye mun san mai hazaƙa ya fi tsoron a manta da shi bisa ga ƙarancin albashi.

Mu ma'aikatan ilmi mun sha wannan ruwa tun kafin likitoci. Tun da aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 don horon malamai, aka gane cewa malamin da aka kai ƙauye aka bar shi shi kaɗai, cikin 'yan shekaru ilminsa ya kan dushe, ya koma maimaita abin da ke cikin tsohon littafinsa na shiri. Maganin da magabatanmu suka yi wa abin iri uku ne. Suka sa malami mai ziyara, wanda ke zagaya makarantu ya zauna a bayan aji ya ga darasi, sa'an nan ya gyara wa malami a keɓe. Suka shirya kos na hutu, a tara malamai mako biyu ko uku a wanke musu ƙwaƙwalwa. Suka kuma yi tsani, mai takarda ta uku ya san hanyar da zai bi ya sami ta biyu, aikin da ya yi a ƙauye kuwa yana cikin abin da za a duba. Da shirin ilmin firamare na kowa da kowa ya zo a 1976, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, malami yana aji yana karatu ta hanyar wasiƙa da haɗuwar ƙarshen mako, ba sai ya bar makarantarsa ba. Ba mu ce tsarin nan bai da aibi ba, kowa ya san akwai masu takarda ba ilmi. Amma asalin tunanin daidai ne, a kai wa ma'aikaci karatu inda ya ke aiki. Mun sani likitanci ba a koyon sa ta wasiƙa, hannu ne da ido. Wannan ma shi ya sa ya fi koyarwa bukatar babba ya zo ya tsaya kusa da ƙarami.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1963 Jami'ar Ibadan ta ke kai ɗalibanta na likitanci garin Igbo-Ora na ƙasar Ibarapa, su zauna cikin manoma su koyi cutar ƙauye a ƙauye, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta yi irin wannan a Malumfashi. A wannan ƙasa ta Ibarapa ne Dokta Oluyombo Awojobi, ƙwararren likitan fiɗa, ya zaɓi zama a garin Eruwa, ya buɗe asibitinsa a 1986, ya riƙa ƙera kayan aiki da abin da ke hannu, likitoci suna zuwa koyo wurinsa har ya rasu a 2015. A Jamhuriyar Nijar, da suka ga ƙwararrun masu fiɗa ba za su isa kowace gunduma ba, sai suka shirya wa likitoci na gama-gari horon kimanin shekara guda a kan fiɗar gaggawa, su koma asibitocin gunduma da takardar shaida. Ƙasar Tailan ta yi abin da ya fi haka. Bayan ta daɗe tana tilasta wa sababbin likitoci aikin shekara 3 a karkara, a 1994 ta fara ɗiban ɗalibai daga karkarar kanta, ta koya musu aikin asibiti a asibitocin lardi, ta mai da su yankunansu. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ta sabunta a 2021, sun tafi a kan haka, a ɗauki 'yan karkara, a koyar a kusa da karkara, a kuma ci gaba da koyarwa bayan an kama aiki. Kusa da mu ma akwai abin gani. Tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ke aiki tare da Gwamnatin jiha a babban asibitin Jahun, wajen haihuwa da gyaran yoyon fitsari, kuma ma'aikata da yawa sun goge a can. Jahun ba birni ba ce. Abin da ya mai da ita wurin koyo shi ne an sami manya da suka zauna, da kayan aiki, da majinyata masu yawa.

Kada wani ya ɗauka ƙarin karatun nan ƙawa ce. Ilmin magani yana tsufa da sauri. Shekaru aru-aru kwinin ne maganin zazzaɓi mai tsanani, a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar atesunet ta fi shi ceton ran yara, aka sake tsari. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare iri 5, Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. A 2023 kuma aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci kimanin 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Abin da aka gwada ba shi da wuya, wata leda ce mai ma'auni da a ke shimfiɗa wa mai haihuwa don a san yawan jinin da ta zubar ba da ƙiyasin ido ba, in ya kai haddi sai a haɗa mata magunguna da matakan ceto gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. A lura, a asibitoci matsakaita aka yi binciken, irin namu. Amma leda ba ta koya wa kowa kanta, sai an zo an nuna wa likita da ungozoma, an maimaita, an komo an duba.

Abin da mu ke gani shi ne, babban asibitin Haɗejiya ya cancanci a mai da shi makaranta. Shi ne uwa ga ƙananan hukumomi 8 na masarautar, watau Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, majinyata kuwa ba za a rasa ba. Akwai fannin ƙwarewa da aka yi domin irin wannan aiki, wanda a ke kira likitancin iyali, kuma tun farkonsa a ƙasar nan asibitocin mishan da ba na jami'a ba suna cikin wuraren da aka koyar da shi. In Gwamnati ta zaunar da ƙwararru kaɗan a Haɗejiya, na likitancin iyali da na mata da na yara da na fiɗa, ta cika sharuɗɗan kwalejojin har su amince da asibitin, to likitan da ke Kafin Hausa ko Birniwa zai iya yin wani ɓangare na horonsa yana cikin yankin, shekarunsa na ƙauye su shiga lissafi. Ƙwararrun nan kuma su zama malamai masu ziyara, kowane wata a san ranar da za su kwana a asibitin waje, su shiga ɗakin tiyata tare da ƙaramin likita, su duba littafin waɗanda suka rasu su tambayi dalili ba da faɗa ba. A ajiye likita ɗaya ko biyu na canji, waɗanda aikinsu shi ne su tsare wa mai tafiya kos wurinsa. Wayar hannu da intanet sun rage wahala, yanzu ana iya aika hoton ƙashi ko na miki a nemi shawara cikin minti kaɗan, ana kuma iya sauraron lacca daga nesa, amma wannan taimako ne, ba ya maye gurbin hannun babba a kan hannun ƙarami.

Manhajar ma ta zama ta fadama. Likitan nan ya iya ciro ɗa, ya iya sa barci ko kashe rabin jiki lafiya in babu ƙwararren wannan fanni, ya iya tara masu ba da jini tun kafin a bukace su. Ya san gwajin nan mai sauƙi na saran maciji, a zuba jinin majinyaci a busasshiyar kwalba mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga, a yi maza da allurar dafi. Ya san yadda a ke kafa sansanin amai da gudawa a makarantar da 'yan gudun ambaliya suka cika. Akwai kuma maganar ciwon ƙoda, wanda an daɗe ana kuka da yawansa a garuruwan kwarin nan daga Haɗejiya har Gashuwa, masana suna kan binciken musabbabinsa. Ba wanda ya fi likitan da ke zaune a wurin damar taimakon wannan bincike, in an koya masa yadda a ke rubuta labarin majinyaci daidai, garinsu, sana'arsa, ruwan da ya ke sha, magungunan da ya saba saye. Nan aikin ya shafi akawu, gama littafin da aka cika da ganganci ba ya haifar da ilmi.

Sauran magana ita ce shugabanci, wadda ita aka fi sakaci da ita. Ran da likita ya sauka asibitin karkara, ko ya so ko bai so ba, ya zama shugaba. Ma'aikatan jinya da ungozomomi, da mai haɗa magani, da mai gwajin jini, da akawu, da direba, da mai gadi, duk shi su ke kallo, waɗansunsu kuwa sun haife shi. A makarantar likitanci ba a cika koya masa yadda a ke tsara kasafin kuɗi ba, ko yadda a ke karanta littafin sito, ko yadda a ke yi wa dattijo gyara ba a ci masa fuska ba. Tsofaffin akawunan En'e za su tuna makarantar horon akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947, wadda ta zama makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, inda har hakimai da alkalai da ma'aji su ke zuwa kos. An yarda tun wancan zamani cewa riƙon jama'a da dukiyarsu abin koyo ne. Me ya sa za a ce likita shi kaɗai zai iya shi da ka?

Jigawa ta taɓa gwada wani tsari a kan haka. A 2007 aka yi dokar Gunduma, aka raba jiha gunduma 9 ta lafiya, aka haɗa asibiti da ƙananan ɗakunan shan magani na kewayensa a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Daga baya aka sake fasali, kula da ƙananan asibitoci ya koma hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Ko wane suna aka ba tsarin, bukatar tana nan, a sami wanda ke ɗaukar lafiyar yanki duka a matsayin nauyinsa, ba gadajen asibitinsa kaɗai ba. A ƙasar fadama wannan yana nufin tun watan Yuni an san ƙauyukan da ruwa ke yankewa, an kai musu magunguna kafin hanya ta mutu, an san mata masu cikin da ke da haɗari an shawo kan mazansu su matso kusa da asibiti kafin watansu ya kama, an yi magana da masu fito a kan wanda za a tasa da dare da abin da za a biya shi. Yana nufin a san allurar tsai da jini ta oksitosin tana lalacewa in ba sanyi, saboda haka inda babu firji mai aiki a tanadi ƙwayar misoforostol. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da likita zai yi shi kaɗai. Sai ya san ƙofar hakimi da dagaci, ya san liman, ya san ungozomar gargajiya wadda mata suka fi yarda da ita, ya iya zama a tabarma ya saurara. A Guri da Kiri Kasamma da Birniwa kuma ba Hausa kaɗai a ke ji ba, akwai Manganci da Badanci da Fulatanci, wanda ya koyi ko gaisuwa ce ya rage wa kansa rabin tafiya.

Akwai kuma dokoki biyu na 2014 da suka ƙara masa nauyi. Ɗaya ita ce manufar Gwamnatin Tarayya ta sauke wa ƙananan ma'aikatan lafiya waɗansu ayyukan da a da sai likita ko ungozoma, bayan an horar da su. Wannan dabara ce mai kyau inda ma'aikata suka yi ƙaranci, amma ta dogara ga mai dubawa, mai dubawar kuwa sai an koya masa koyarwa. Ɗayar ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don asusun lafiya a matakin farko, wani kaso yana sauka kai tsaye a asusun ƙananan asibitoci. Kuɗi in ya sauka ƙauye yana bukatar rasit da littafi da kwamitin gari mai ido, in ba haka ba ya bi ruwa tun kafin damina.

Mun ji masu cewa irin wannan horo zai haifar da likita mai daraja ta biyu, wanda ya san komai kaɗan kaɗan bai ƙware a komai ba. Tsoron yana da tushe, shi ne ma abin da ya dami waɗanda suka fita makarantar Yaba da ta Kano a zamanin Turawa, aiki ɗaya da Bature, takarda da albashi daban. Maganinsa shi ne jarrabawa ta zama ɗaya, muƙami ɗaya, albashi ɗaya, har da ƙarin alawus ga mai zaman karkara, ta yadda wanda ya ƙware a Haɗejiya zai zauna kujera ɗaya da wanda ya ƙware a Kano. Sa'an nan a tuna likita mutum ne mai iyali. Gida mai ruwa da wuta, da makarantar da zai yarda ya sa 'ya'yansa, suna cikin abin da ke tsai da shi ko ya kore shi, na biyun kuwa a hannunmu ya ke.

Shi ya kawo mu kan rabon malamai. In gaskiya ne ɗan karkara ya fi komawa karkara, to likitan Guri na gobe yana zaune yau a wani aji a Guri, kuma ba zai shiga makarantar likitanci ba sai ya ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, na halittu da na sinadarai da na fizis. Makarantun sakandaren kimiyya da tsohuwar Jihar Kano ta fara a 1977 sun nuna abin da yaran ƙauye ke iyawa in an ba su malami da ɗakin gwaji, likitoci da yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Aikin shugaban makarantar firamare ne ya gane yaron da ke da kai, ya matsa a sa shi jarrabawar shiga, ya je gidansu in ta kama. A kan 'yan mata abin ya fi ƙarfi, domin akwai matan da za su gwammace su haƙura da ciwo a ɗaki da su kwanta gaban likita namiji. Yarinyar da ke ajin farko na ƙaramar sakandare bana tana da shekara 6 kafin ta gama sakandare, da 6 a makarantar likitanci, da guda ta sanin makamar aiki, watau shekara 13 ke nan in ba a sami tsaiko ba, kafin a iya rubuta sunanta a jerin masu kwana a asibitin Kafin Hausa.